Wasiyyar da Liman Ya Ƙi Rubutawa

Tun ranar da sunan Hadija ya fito cikin maniyyatan bana, unguwar Briketeri ta birnin Yawunde ba ta huta ba. Ko mai soya na bakin titi ya san za ta Makka, don ita da kanta ta tsaya ta faɗa masa, ta kuma faɗa wa mutumin da ke jira a naɗe masa nama. Mace ce mai jiki da murya, ta tsufa tana sayar da atamfa a kasuwar Mokolo, kuma Allah bai yi ta da iya ɓoye farin ciki ba. Ta zaga unguwannin Messa da Madagaskar gida-gida tana neman gafara, har wurin waɗanda ba ta taɓa saɓa wa ba. Sai ta fito daga wannan gida da hawaye, ta faɗa na gaba da shewa.

Abu ɗaya ya rage mata, wasiyya. Ba wai tana jin ciwon komai ba, lafiyarta lau, amma mai tafiya Hajji yakan gyara bayansa, ita kuwa tana da abin gyarawa.

Gidan da suke ciki nata ne, gadon mahaifinta, ko da yake duk unguwa gidan Garga tela ake ce masa. Garga mijinta ne. Daga Garwa ya zo yana saurayi da keken ɗinki da tabarma, mahaifinta ya ba shi hayar shago a ƙofar gida, daga ɗinka mata kayan salla magana ta kai ga aure. Yanzu idonsa ya yi rauni, zare ma sai an zura masa a allura, kuma ban da keken nan ba shi da komai a Yawunde. Babban ɗansu Rashidu kuwa, duk zuwan da zai yi daga Duwala sai ya tsaya a tsakar gida yana auna bango da ido, yana lissafin bene da shaguna a ƙasa. Ba mugun ɗa ba ne, amma kasuwanci ya shiga jininsa, kuma Hadija ta san inda ya samo shi. Tsoronta ke nan: in ba ta dawo ba, a rushe gidan, a ɗauki tsohon a ajiye a wani ɗakin haya a Duwala inda bai san kowa ba.

Ranar Lahadi bayan la'asar, ruwa ya ɗauke ke nan, ta tara su a falo. Ga Rashidu, ga ƙanwarsa Zaituna da ta zo daga gidan mijinta, ga Liman Habu da shaidu biyu daga masallaci. Garga na gefe kan kujerarsa ta katako yana jan carbi. A tsakar gida mata na ta suyar cincin na guzuri, hayaniya kamar gidan biki. Hadija ta sha sabon lulluɓi, ta kasa zama wuri ɗaya, sai ta tashi ta leƙa mai suya ta dawo.

"Hajiya, zauna mana," in ji Liman yana dariya. "Jirgin ba yau zai tashi ba."

"Allah gafarta Malam, bari kirana Hajiya sai na taɓo ɗakin Allah. Rubuta kawai, maganata gajera ce. In ta Allah ta kasance, gidan nan duka na bar wa Baban Zaituna."

Liman ya ajiye alƙalami. "Wannan kam ba zan rubuta ba."

"Don me? Ba nawa ba ne?"

"Naki ne. Amma mijinki magajinki ne, yana da rubu'i, shari'a ta riga ta yanka masa. Ba a ƙara wa magaji ta hanyar wasiyya sai in sauran magada sun amince."

"Mun amince!" Zaituna ta faɗa tun bai rufe baki ba.

"To, a rubuta mana, Mama, ba matsala," in ji Rashidu, idonsa na kan wayarsa.

Hadija ta tafa hannu, har ta fara miƙewa za ta kai wa mata labari, sai Liman ya ɗaga yatsa. Ya ce amincewar da aka yi tana zaune da ƙoshin lafiya ba ta ɗaure kowa. Ranar rabon gado za a sake tambayarsu, wanda ya ga dama ya janye, kuma ba mai ce masa don me.

Hadija ta dubi ɗanta. Saurin amsar nan tasa ya tsaya mata a rai, don ita ta koya masa yadda ake cewa "to" ga mai ciniki alhali magana ba ta ƙare ba. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Wato duk shirin da ta kwana tana yi ta tashi tana yi, ashe iska ce.

Amma wadda ta tsufa a Mokolo ba ta barin ciniki don an ce mata albarka sau ɗaya. Ta gyara zama, ta matso gaban kujera.

"Malam, in matacciya ba ta da ikon bayarwa, mai rai fa?"

"Mai rai da lafiyarta, dukiyarta ce. Mace ta ba mijinta kyautar gidan da suke zaune, ya halatta. Sai dai ya buɗe baki ya karɓa gaban shaidu."

"Shi ke nan!" Ta miƙe tsaye, lulluɓi ya zame, fuskarta ta washe kamar an ce mata ga jirgi a ƙofar gida. "Ashe abin ma sauƙi gare shi! Ku shaida, na ba shi, yau, yanzu. Zaituna, gobe da safe ki kai mu wurin noter mai tabbatar da takardu a buga hatimi. Baban Zaituna, ce ka karɓa."

Rashidu ya kife wayar a cinya. "Mama, tsaya tukuna. Gidan Kaka ne fa."

"Gidan ubana ne, zan ba ubanka. Ina abin tsayawa?"

Sai yanzu Garga ya ɗago kai, ya juya wajen da yake jin muryar Liman, ya yi magana a hankali da Hausarsa mai gardin Fulatanci.

"Malam, in na karɓa, kuma ni na riga ta tafiya, me za ta samu?"

"Tumuni. Sauran na 'ya'ya."

"In na mayar mata da shi fa, bayan ta dawo?"

"Muddin kana zaune a ciki, kyautar ba ta tabbata. Taka ba irin tata ba ce."

"To ban karɓa ba," in ji Garga, ya ci gaba da jan carbinsa.

Hadija ba ta yi wannan lissafin ba, gaskiya ce, ɗoki ya hana ta. Yanzu ta gane sarai cewa rufin kanta za ta cire ta ɗora a nasa, kuma in shi ya riga ta, ita ce za ta zauna tana kallon Rashidu yana auna bango. Gabanta ya faɗi. Ta dubi mijinta, hular da ya ɗinka da hannunsa tun idonsa na gani, da ƙafafunsa sirara cikin silifas, sai tausayi ya rufe tsoron.

Ta je ta durƙusa gabansa, abin da gwiwoyinta suka daɗe da yafe mata, har Zaituna ta zabura za ta riƙe ta.

"Haba Baban Zaituna. Ni a unguwar nan aka binne cibiyata. In an kore ni daga nan, ƙofar wa zan buga a ƙi buɗe mini? Ga 'yan'uwana, ga rumfata a kasuwa, ga bakina. Kai fa? Wa ya rage maka a Garwa? Waɗanda suka san ka duk suna ƙasa." Ta dafa gwiwarsa. "Kana so in tsaya a Arfa, mutane na roƙon Aljanna, ni ina tunanin inda za ka kwana? Wallahi ba zan iya ba. Kada ka ɓata mini Hajjina."

Carbin ya tsaya a hannun Garga. Zaituna na kuka a fili, shaidu sun sunkuyar da kai. Tsohon ya miƙa hannu yana lalube, har ya sami kan matarsa, ya ja mata lulluɓin ya gyara.

"Malam, ku shaida na karɓa," ya ce, hawaye na bin gemunsa. Sannan ya rage murya, don wannan ba ta shaidu ba ce. "Amma ki dawo, Hadija."