Kaskon da Hajiya Atiyat Ta Wanke

Duk ɗan Yaman da ya yi zaman karatu a Alƙahira a shekarun nan ya san gidan Hajiya Atiyat da ke unguwar Dokki. Ko bai kwana a ciki ba, ya taɓa naɗe ƙafa a kan jaridar da ake shimfiɗawa a hawa na biyu ranar Juma'a. Ita tana hawan sama, ɗalibai suna ƙasanta. Tun rasuwar mijinta ba ta ba kowa haya sai 'yan Yaman, wai su ne masu kunya. Da ta fara leƙa madafarsu da wuri, da ta sake shawara.

Nashwan ya zo daga garin Ibb na Yaman neman digirin digirgir a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. A akwatinsa akwai littattafai, da zuma, da wani kaskon dutse da mahaifiyarsa ta naɗe masa a tsohon mayafinta. Kaskon baƙi ne ƙirin. Man shanu da hulba da hayaƙin itace na shekara da shekaru sun ratsa jikin dutsen, har ya zama ko ruwa ka tafasa a ciki sai ka ji ɗanɗanon gida. Irin wannan kasko ba a nuna masa sabulu. Ruwan ɗumi ne da tafin hannu, sai a kife shi. Wannan ko yaron goye a Yaman ya sani, shi ya sa bai taɓa faɗo wa Nashwan a rai ya gaya wa kowa ba.

Zaman dai irin na kowa ne. Ka tashi da safe ka tafi ofishin farfesa, ka tsaya a ƙofa rungume da babi na uku na kundinka, ya fito ya dafa kafaɗarka ya ce, "Wane irin alheri ne wannan, ɗana! Dawo bayan sati." Ka wuce shagon fotokwafi, daga nan layin sabunta takardar zama, ka dawo gida da gurasa da wake a leda. Amma ranar Juma'a, in an sauko daga masallaci, Nashwan yakan ɗora kaskon a wuta ya yi salta, miyar nama da kumfar hulba a samanta, ya kawo ta tana ɓararraka a tsakiyar jarida. A wannan sa'ar babu mai tuna farfesa.

Abokin zamansa Radman, mutumin Adan, ya daɗe yana karatun shari'a har an daina tambayarsa yaushe zai gama. Baki gare shi kamar reza.

"Ka ga wannan kaskon?" yakan ce wa baƙi. "Shi ne ɗalibin, Nashwan rakiya ya yo. Ranar da za a ba da digiri, shi za a sa wa hula."

"Ci ka yi shiru, tsohon ɗalibi," in ji Nashwan. "Ka riga ginin jami'ar zuwa."

A shekararsa ta biyu mahaifiyarsa ta rasu. Sai da aka kai ta aka dawo sannan yayarsa Taƙiyya ta kira shi a shagon wayar unguwa. Ta ce kada ya zo, Inna ta bar wasiyya ya gama abin da ya kai shi. Ya ce to. Bai yi kuka a shagon wayar ba, bai yi a hanya ba. Sai ranar Juma'a, da ya kai lomar farko baki, ya ji hannunta yana nan a cikin miyar kamar ba abin da ya faru. Ya tashi ya shiga banɗaki ya daɗe.

Daga ranar kaskon ya wuce kayan girki kawai. Nashwan ya daina barin Radman ya taɓa shi. Yana wanke shi a hankali, yana tsoron kada ya goge da ƙarfi. Ya san abin da yake tsoro, har ya taɓa faɗa wa Radman: wannan baƙin shi kaɗai ya rage masa na girkin Inna, in ya tafi shi ke nan ta tafi gaba ɗaya. 

Ana nan sai bututun madafarsu ya fashe, ruwa ya riƙa ɗiga a kan buhunan mai shagon ƙasa. Su biyun suna jami'a. Hajiya Atiyat ta ɗauko mabuɗinta ta sauko da mai gyaran famfo. Mai gyara ya gama aikinsa ya tafi, ita kuwa ta tsaya tana kallon madafar gwauraye, hannu a ƙirji, tana salati. Ta naɗe hannun riga. Ta wanke kofuna, ta kankare murhu, ta zubar da wani albasa da ya fara tsiro. Sannan idonta ya faɗa kan kaskon.

Baiwar Allah ba ta yi masa da wasa ba. Ta jiƙa shi a tafasasshen ruwa da garin sabulu, ta bi shi da soson ƙarfe, inda ya ƙi ta sa bakin wuƙa. Tun hantsi take abu ɗaya har aka kira la'asar.

Da suka dawo suka tarar da ita zaune a kujera tana haki, yatsunta sun yi jajir, fuskarta cike da murna. Kaskon yana kan tebur, fari-fari kamar toka.

"Dakta, zo ka gani!" Haka take kiransa tun ranar da ya sauka, tun bai rubuta ko layi ɗaya ba. "Ashe dutse ne mai kyau a ƙarƙashin dauɗar nan! Haba 'ya'yan nan, a cikin wannan kuke ci ba ku mutu ba? Ina uwayenku?"

Nashwan ya ɗauki kaskon ya shinshina. Sabulu. Ya juya shi, ya sake shinshinawa.

"Sannu da aiki, Hajiya," ya ce. "Allah ya saka da alheri." Ya shige ɗaki ya turo ƙofa.

Ta dubi Radman. "Me ya same shi? Farfesan ne kuma?"

Radman ya sosa ƙeya. A ransa ya so ya yi shiru, amma bakin bai saba ba. "Hajiya, ba dauɗa ba ce. A wajenmu ba a wanke shi da sabulu. Baƙin nan girkin mahaifiyarsa ne, tun kafin a haife shi. Ita ce wadda ta rasu."

Hajiya Atiyat ta dubi yatsunta. Ta tashi ta hau sama tana dafa bango, ko mabuɗinta ba ta ɗauka ba.

Washegari da safe ta ƙwanƙwasa ƙofa. Idonta a kumbure, amma muryar tana nan da ƙarfinta.

"Ba ni kaskon."

"Hajiya, ya wuce, wallahi."

"Bai wuce ba. Ni na ɓata, ni zan gyara. In girki ne ya sa masa baƙi, ai ni ma mace ce, kuma ina da murhu. Miƙo shi, ɗana, kada ka sa in tsaya a ƙofa da wannan gwiwar mai ciwo."

Ya miƙa mata don ya rabu da ita. Me zai yi da shi kuma?

Tun daga ranar ba ta sake girki a wata tukunya ba. Wake da safe a cikinsa, miyar lalo da rana a cikinsa, kuɓewa da naman rago, shinkafa da madara a gasa har samanta ya yi ja. Kowane girki kuwa sai ta soya tafarnuwa a man shanu ta juye a kai, ƙamshin ya cika matakala. In ta gama sai ta sa kaskon a kwandon da take sayayya da shi, ta zuro shi da igiya daga barandarta zuwa tasu, tana ƙwala kira.

"Dakta! Karɓa, da zafi! In kun cinye kada wanda ya wanke, na san aikina yanzu!"

Radman ya yi ƙiba a wannan shekarar har wandunansa suka ƙi shi. "Allah ya ƙara fasa mana bututu," yakan ce. Nashwan kuwa yana ci ne da ɗaurarriyar fuska. Ba ya son ya ji daɗin abincin, kuma yana ji, abin da ya ƙara ba shi haushi ke nan. Takan leƙo ta tambaya, "Ya fara baƙi?" Ya ce, "Ya fara, Hajiya." A ransa yana cewa ko ya fi gawayi baƙi ba zai zama na Inna ba. Gaskiya dai bai yafe mata ba, ladabi kawai yake yi, kuma ta sani.

Duk da haka kwandon bai daina sauka ba. Ya sauko ranar da farfesa ya ce a sake babi na huɗu daga farko. Ya sauko lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi, har da lemon tsami a gefe. Da azumi ya zo, kafin a sha ruwa igiyar tana lilo a baranda. Ranar da ya kare kundinsa a gaban malamai, ɗaliban Masar sun cika ɗakin taro da dangi da furanni, shi kuwa sai Radman da 'yan Juma'a. Ana faɗin sakamako sai ga guɗa daga layin baya, doguwa, har wani farfesa ya cire tabarau ya duba. Hajiya Atiyat ce, ta hau motar haya da wannan gwiwar ta zo.

Ranar tafiya ta sauko da kanta da kaskon, baƙi sidik, naɗe a tawul. Ta ce, "Na san ba kamar da ba ne." Ya ce, "Ba komai, Hajiya." Ya sumbaci hannunta, mai tasi yana ta matsa ham a ƙasa, ya sauka da gudu. Iyakar sallamar ke nan.

A Ibb gida ya cika da 'yan barka. Bayan an watse, Taƙiyya ta buɗe akwatinsa ta ga kaskon, ta rungume shi tana hawaye. Ta ce gobe da shi za ta yi salta, yadda Inna take yi.

Ta yi kuwa, ba ta rage komai ba. Aka kawo shi yana ɓararraka, aka zauna. Taƙiyya ta ɗanɗana, ta ɓata fuska, ta sake ɗanɗanawa.

"Kai, Nashwan, me ka yi wa kaskon Inna? Tafarnuwa zalla! Ni ban sa ko ƙwaya ɗaya ba. Wannan ai abincin mutanen Masar ne."

Ya gutsuri gurasa ya dangwala. Hulbar tana nan a sama, amma a ƙarƙashinta sai ga matakalar gidan Dokki, da ƙarar igiya tana gogar ƙarfen baranda, da muryar da ke cewa da zafi. Ya daɗe a can yana kewar wannan ɗakin da yake zaune a ciki yanzu, ga shi ya zo, kuma kewa ta biyo shi ta wata ƙofar. 

"Bari a gama," in ji Taƙiyya, "in kai shi bayan gida in dirje shi da yashi, ko warin ya fita."

Ya kai hannu ya riƙe bakin kaskon, da zafinsa da komai.

"Kada ki taɓa shi, Yaya."

Ta tsaya tana kallonsa. "To wai wa ya yi ta girki a cikinsa haka?"

Ya buɗe baki zai ce matar da ta ba su haya ce. Abin da ya fito daban.

"Innata ce ta can," ya ce. "Kuma ban yi mata godiya ba."