Baiti Tara na Malam Falalu

Adawiyya ta kai baiti na bakwai ke nan sai yatsunta suka tsaya a kan tafireta. Ta koma farkon layin, ta karanta a zuci tana ƙwanƙwasa tebur da farce, sannan ta girgiza kai.

"Rubutun ne ba ya fita, 'yata?" in ji mai takardar. Dattijo ne mai furfura a gemu, ya zauna a bakin benci yana ta kaɗa ƙafa. Tun shigowarsa shagon buga takardun, nan kusa da sakatariyar Dutse, ya faɗi sunansa da tarihinsa ba tare da an tambaye shi ba. Malam Falalu ne, tsohon direban babbar mota daga Kiyawa. Shekara uku ke nan da ya koyi boko a ajin manya, kuma wannan ce waƙarsa ta farko. Da ƙarfe huɗu za a ɗauki muryarsa a filin sababbin marubuta na gidan rediyo, in dai ya kai ta a buge.

"Yana fita, Baba."

"To me ya tsayar da ke?"

Ta saci kallon Hajiya Hindatu, mai shagon, wadda ke jera takardu a kusurwa. Dokar Hajiya ɗaya ce: abin da aka kawo shi za a buga. Ta taɓa sallamar wata ma'aikaciya don ta gyara wa wani darakta Turanci. Amma Adawiyya ta tashi ne a gidan mahaifinta, malamin da ke rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami, tun tana ƙarama take rera masa su yana gyara. In baiti ya karye, har cikin haƙoranta take ji.

"Baba, ka rera mini wannan layin."

Ya miƙe tsaye da murna, ya gyara murya, ya ɗauko: "Ya ke Amurka azzaluma marar tausayin talakawan duniya baki ɗaya..." Numfashinsa ya ƙare kafin layin ya ƙare. Ya yi tari.

"Ka gani? Ya fi ƙarfin numfashi ɗaya. Karin ya karye. Kuma ka fara da amsa-amon 'ya', a baiti na biyar ka koma 'ki', ka sake dawowa."

"Adawiyya," in ji Hajiya, ba ta ko ɗago ba.

Fuskar dattijon ta canza. Ya sa hannu zai zare takardunsa. "Wata biyu ina rubuta ta. 'Yan tasha sun ji, har tafi suka yi."

Ta san ya kamata ta ba da haƙuri ta ci gaba da bugu, amma ta riga ta leƙa shafi na huɗu, kuma abin da ta gani a can ya hana ta yin shiru.

"Kafin ka tafi, Baba, wa ya rubuta baiti na ashirin da shida?"

"Wa zai rubuta in ba ni ba?"

Ta jawo shafin, ta rera a hankali da irin muryar mahaifinta:

"Inna ta auna dawa da hannu ɗaya,
Ta dube mu, ta mai da rabi cikin ƙwarya."

Hajiya ta ajiye takardun hannunta.

"Wannan ai waƙa ce," in ji Adawiyya, maganar na fita da sauri. "Ba zagi ko ɗaya a ciki, amma sai da na ji yunwa. Sauran kuwa, sau goma sha takwas ka ce azzaluma, na ƙirga. Wanda ya ji na uku ba zai jira na huɗu ba. Me ma ya sa ka rubuta ta?"

Malam Falalu ya koma ya zauna. Ya ce wani baƙo ya ji a rediyo yana ba da labarin cewa a can Amurka har kantuna ake buɗewa na abincin karnuka. Ranar bai iya cin tuwo ba. Shi da ya yi jigilar hatsi zuwa Damagaram a shekarar fari, ya ga mata suna bin motarsa da tsintsiya suna share ƙwayar da ta zube a kan kwalta.

"Da tsintsiya? Ina yake a cikin waƙar?"

"Ban sa ba. Na ɗauka ba irin abin da ake sawa a waƙa ba ne."

"Shi ne waƙar, Baba."

Ya dube ta, ya dubi agogon bango. Biyu da kwata. Sai ya tura hularsa ƙeya, ya matso da bencin. "Ba ni biro."

Suka duƙufa. Yana faɗa, tana ƙwanƙwasa tebur, in layi ya yi tsawo ta ce ya rage kaya, motar ta yi lodi da yawa. Ya yi dariya har da buga cinya. Wani wurin ya ƙi yarda, suka yi ta ja, ya rera nasa ta rera nata, a ƙarshe ta amince nasa ya fi. Da suka maƙale a baitin matan Damagaram, suna neman kalmar da za ta rufe shi, Hajiya ce ta ce daga kusurwa, "Ku sa tsintsiyar a ƙarshe mana, ai da 'ya' ta ƙare." Malam Falalu ya miƙe ya zagaya shagon yana maimaita layin.

Uku da rabi ta zare takarda ɗaya daga tafireta. Baiti arba'in sun koma tara. Ya karɓa da hannu biyu, ya bi ta da yatsa daga sama har ƙasa, leɓɓansa na motsi. Can ya ɗago.

"'Yata, to ina Amurkar? Ba ta ko'ina sai a kanun waƙar."

"Ba ka ce ba ta tausayin kowa ba? Ga ta can a sama ita kaɗai, ga su Inna a ƙasa."

Ya daɗe yana duban takardar. Sannan ya naɗe ta a hankali, ya sa a aljihun gaba, ya leƙa waje ya tsayar da ɗan acaɓa. Har ya sa ƙafa a bakin ƙofa sai ya dawo, ya tattara tsofaffin shafukan nan da aka soke, ya cusa su a aljihun gefe.

"Me za ka yi da su, Malam?" Hajiya ta tambaya.

"Waɗannan na 'yan tasha ne," ya ce. "Su zagin suke so."