Tasar Fati da Littafin Baƙo

Fati na shafa wa 'yarta Matta jiƙaƙƙen tsumma a goshi sa'ad da ta jiyo mijinta Sabitu yana cika baki a zaure.

"Gaya masa, a gidan nan ko anini ba ya fita sai na ce ya fita!"

Baƙon da ake gaya wa ta bakin tafinta sunansa Tunji, malamin jami'a ne daga Kudu. Ya zo Bauchi ana saura shekara guda a sami mulkin kai, wai yana binciken wanda ke yanke shawarar kuɗi idan ciwo ya shigo gida. Gida arba'in ya zaga a Ƙofar Dumi, bai taɓa wuce zaure ba. Ilimin ke nan, a tambayi mai gemu a rubuta.

Kwana huɗu zazzaɓi na cin yarinyar. Sau uku Fati ta roƙi sule biyar na allura, Sabitu ya ce rauni ne irin na mata, a jiƙa sabara. Sai ga shi jiya ya sayo sabuwar hula, don ya ji za a sa sunansa a littafi. Tun daga nan ta daina ganinsa da gashi.

"Fati! Kawo wa baƙi fura a babbar tasar nan taki!"

Ta goya Matta, ta ja mayafi, ta fito zauren hannu rabbana. Shekara bakwai rabon da ta taka shi da rana.

"Malam, tasa na sayar wa dillaliya da safe. Asibiti za ni."

Sabitu ya yunƙura zai tare ta, ya dubi alƙalamin baƙo, ya koma ya zauna.

Tunji ya tambayi tafintansa Obadiya me matar ta ce. Obadiya ya juya goron da Sabitu ya ba shi a baki, ya amsa da Turanci cewa maigida ne ya ba ta kuɗi, ya umarce ta ta kai yarinya asibiti.

Fuskar baƙo ta washe. Ya cika rabin shafi, ya miƙa wa Sabitu hannu, ya ce ta bakin tafinta, da duk ubanni irinsa ne, da yara ba sa mutuwa.

"Ai haka muke," in ji Sabitu, yana gyara zaman hula.

Fati ta ji shi. Ta tofar da yawu a bakin ƙofa, ta ƙara ɗaure goyo, ta kama hanya, zafin jikin Matta na ratsa bayanta.