Gurbi a Gefen Panas

Ustina Karpivna tana yankan kabeji a kicin ɗin Motriya wayarta ta yi ƙara. Sanyi ya fara leƙowa, kowane gida a ƙauyen yana danna kabeji da gishiri a cikin ganga saboda hunturu, ita kuwa ba ta iya naɗe hannu a gidan da aka ba ta ɗaki. Ta goge hannu a gaban riga, ta duba, sai ga sunan ƙanwarta Ra'isa. Rabon su da magana tun ranar da Ra'isa ta gaya mata ta karɓi fasfon Rasha, ita kuma ta ce mata ta jiƙa shi ta sha.

"Yaya," in ji Ra'isa. Muryar ta dishe kamar ta mai mura. "Gleb ne. Sun kawo min shi."

Ustina ta jawo kujera ta zauna.

"Kin gan shi?"

"A akwatin ƙarfe yake, a liƙe. Sun ce ba a buɗewa."

"Allah ya ji ƙansa," Ustina ta ce, ta yi alamar gicciye da hannun da ke warin kabeji.

Ba ta tambayi inda ya mutu ba. Ra'isa ma ba ta tambayi inda Zinovi yake ba. Zinovi shi ne ɗan Ustina guda ɗaya, yana cikin sojan Yukren tun farkon yaƙin, Gleb ɗan Ra'isa kuwa kakin Rasha ya sa. Uwarsa ta ce kama shi aka yi a tashar mota aka tura fagen daga, wasu kuma suka ce da ƙafarsa ya je ya sa hannu. Saboda Zinovi ne Ustina ta bar Tihiyar, ƙauyensu na can ƙasar Luhansk, a makon da sojan Rasha suka shigo, domin maƙwabci da ya san inda ɗanki yake ba ya rasa wanda zai raɗa wa. Ta hau bas da jaka ɗaya, ta faɗo nan kusa da Poltava. Ra'isa ta zauna da saniyarta da talabijin ɗinta.

"Yaya, ba gaisuwa kaɗai ta sa na kira ki ba."

"Ina jin ki."

"Mutanen hukuma sun ce a kai shi birni, layin sojoji. Kin san ƙafata. Motar birni sai ranar kasuwa, ita ma in ta ga dama. Wa zai je masa? Makabartarmu kuma ta cika, gefen kwari da ya rage an ce akwai nakiya, ko akuya ba a bari ta bi. Gurbi ɗaya ne ya saura, a cikin shingenmu."

Ustina ta gane tun kafin a kai ƙarshe.

A wajenmu kowane dangi da shingensa a makabarta, na ƙarfe, da 'yar ƙofa da ɗan teburi da benci. Bayan bikin Ista a je a shafa masa shuɗin fenti, a fasa ƙwai, a ajiye wa mamaci ɗan kofin barasa da yankin burodi a kai, a ba shi labarin wanda ya yi aure da wanda ya sayar da saniya. Kuma in miji ya riga matarsa tafiya, mace mai hankali ba ta sa a yi ƙaramin dutse. Mai faɗi take sawa a sassaƙa: hotonsa a gefe, nata a gefe, sunanta, shekarar haihuwarta, ɗan layi, sannan a bar filin shekarar rasuwa. Haka Ustina ta yi shekarar da mijinta Panas ya rasu. Hoton da ta zaɓa ma na wani biki ne, tana 'yar shekara arba'in, gashi ya sha gyara. Ranar da aka kafa dutsen Ra'isa ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce in Panas ya waiwayo zai ɗauka amarya aka yi masa. Tun daga nan Ustina take zuwa ta share ciyawar gurbin nata, ta zauna a benci ta kalli kanta, hankalinta kwance. Mutum ya san inda zai kwanta ba ƙaramin arziki ba ne.

"Gurbina kike nufi," ta ce.

"Gurbinki, Yaya. Ga Mama a wajen kansa, ga Baba. Ba zai kwana cikin baƙi ba." Ra'isa ta ja hanci. "Ai ke ba dawowa za ki yi ba."

"Wa ya gaya miki?"

"Haba, Yaya. Nan fa Rasha ce yanzu."

"Tun yaushe? Da na rufe ƙofata na fito, Yukren na bari. Ko da daddare kuka ɗaga ƙauyen kuka kai shi wani wuri?"

"Ni ban ɗaga komai ba. Tashi na yi na ga an sauya tuta a makaranta, an sauya kuɗi a kanti. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi."

"Ni kike yi wa karin magana da gawar ɗanki a ɗaki?"

Ra'isa ta fashe da kuka, irin na wadda ta yi ta yi har ya ƙare, sai sautin. Ta ce fada, limamin coci, zai zo jibi, masu haƙa suna jiran a nuna musu wuri. Ustina ta ce za ta kira ta, ta kashe wayar.

Motriya tana bakin ƙofa da bokitin karas, ta ji komai, don ita kunnenta ba ya hutu. Bazawara ce mai jiki da baki, mai kirki in ba a taɓo Rasha ba. Mijin 'yarta ya tafi fagen daga a shekarar farko, hularsa kawai aka dawo da ita.

"Kada ki soma, Karpivna," ta ce, ta dire bokitin. "Ya ɗauko bindiga ya zo farautar ɗanki, sannan ya miƙe ƙafa a gadonki? Su kai shi Mosko mana, ai suna da fili. Ƙasar tasu mutum ya yi mako a jirgi bai ƙure ta ba, sai ɗan gurbinki ne ya tsone musu ido?"

"Ni na riƙe shi ranar baftisma, Motriya."

"To sai me?"

"Ni na amsa a madadinsa a gaban fada. Ya yi min fitsari a sabuwar riga."

"Kin ga tun ranar ya nuna hali."

Ustina ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki wuƙa ta ci gaba da yanka. Fushi take ji, amma fushin ma a gajiye yake, ya ƙi tashi tsaye. Ta gaji da ɗakin mutane da kofin mutane. Ta gaji da taswirar da ake nunawa a labarai, yau ja ya ci ƙauye, gobe shuɗi ya ƙwato rabin gona, masu baki kuma suna zaune a ɗakuna masu ɗumi suna yanka ƙasa kamar burodi. Duk abin da ta mallaka yana can: gida, rijiya, itacen ceri, kuma ta san wataƙila wani baƙo ne ke shan shayi a kicin ɗinta yanzu. Wannan duk ta haɗiye. Amma gurbin nan shi ne abin da ta tabbata ba wanda zai zauna a cikinsa, domin wa ke ƙwacen rami? In ta bayar da shi, ta sa hannu ke nan cewa ba za ta koma ba, ko a raye ko a kwance.

Washegari da rana Zinovi ya kira, kamar yadda yake yi in ya samu sarari. Bayansa ana jin ƙarar janareta da tarin wani. Ta gaya masa.

"Gleb," ya ce. "Sakaran banza."

"Kada ka zagi mamaci."

"Ba zagi ba ne, Mama, sunansa ke nan tun muna yara. Ni na koya masa iyo a dam, ya kusa nutsar da mu duka."

"Me zan ce wa innarka?"

"Mama, ni ba ni da ƙarfin wannan. Jiya na ɗauki mutum biyu a kafaɗa. Ki yi abin da ranki ya ba ki."

"Babanka fa? Kana ganin zai yarda?"

Zinovi ya yi 'yar dariya ta hanci. "Baba ai bai gama da shi ba kan satar ceri. Sai ya ci gaba daga inda ya tsaya."

Ita ma ta murmusa, hawaye na zuba a kan wayar. Sannan ta yi tambayar da ta saba yi masa, wadda kullum amsarta ɗaya ce, wato in bazara ta yi, Mama, in bazara ta yi zan kai ki da kaina.

"Zinovi, zan koma gida kuwa?"

Janareta ya yi ta ƙara. Ta ji yana numfashi.

"Ban sani ba, Mama," ya ce. "Gaskiya ban sani ba."

Ba ta ji haushinsa ba. Yaron bai taɓa iya ƙarya ba, ta ma yi mamakin yadda ya jure ya yi ta har tsawon wannan lokaci. Ta ce ya sa safa mai kauri, ya ce to.

Ta zauna a bakin gado har shayinta ya huce. Ta tuna Ra'isa tana ƙarama, da majina, tana bin ta zuwa kiwon dinya. Mace ce mai taurin kai da saurin yarda da duk abin da akwatin talabijin ya faɗa, kuma ta faɗa wa Ustina maganganun da ba za su goge ba. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ra'isa tana da ɗa a cikin ƙarfe a tsakar ɗaki, ita kuwa nata ɗan ya kira ta yanzun nan yana tsokanar matattu. Wannan tunanin ya ba ta tsoro har ta sake yin alamar gicciye. Ta ɗauki wayar.

"Ra'isa. Ku haƙa."

Can ɓangaren sai shessheƙa.

"Tsaya, ban gama ba. Ba na son tuta a kan Panas. Mutumin nan ko a fareti ba ya riƙe tuta, sai ya ce hannunsa na ciwo. Kada a kafa masa ta Rasha a ka."

"Yaya, da ita za su zo. Da sojoji da harbi sama. In na ce a'a, gobe ni ce a ofishinsu."

"To na fasa."

"Ki saurare ni mana." Ra'isa ta rage murya, kamar mai tsoron bango. "Kin manta iskar tudun nan? Ko wanki ba ta bari a igiya. Su kafa su tafi. Abin da iska ta yi bayan nan, ni ina ruwana?"

Ustina ta rufe ido. Rabon da ta ji muryar ƙanwarta ta ainihi har ta manta.

"Munafuka," ta ce a hankali.

"A wajenki na koya." Ra'isa ta fyace hanci. "Dutsen fa? Ga hotonki, ga sunanki. Akwai mai sassaƙa a birni, an ce yana iya gogewa."

"Kada wanda ya taɓa min dutse. Ku sa masa gicciyen katako a wajen ƙafa, da sunansa. Ni ku bar ni a nan, in riƙa ganin abin da yake yi."

"Mutane za su ɗauka ke ce a ciki."

"Su ɗauka."

Ba wadda ta san yadda ake sallama. Daga baya layin ya yanke da kansa, kamar yadda yake yi.

Ta fito tsakar gida. Motriya tana danna kabeji a ganga da dunƙulen hannu, ta ɗago ta dube ta sau ɗaya, ta gane. Ta buɗe baki za ta fara, sai ta fasa, ta ci gaba da danna.

Ustina ta tsaya a gefenta tana kallon hanya.

"Motriya, ku a nan ina kuke binne mutanenku?"

Hannun Motriya ya tsaya a cikin gangar.

"Bayan injin niƙa," ta ce. "Yashi ne wurin, ba ya riƙe ruwa."

"Da nisa?"

"Ƙafarki za ta kai ki."

"To in mun gama wannan, ki raka ni in gani."