Makin Lissafin Jakada

A ɗakin labarai na gidan rediyon kowa Jakada yake ce masa, har mai gadi. Sunan tsokana ne. Shi ke fassara labaran duniya, kuma ba ya iya gama labarin sulhu bai juyo ya yi wa na kusa da shi bayanin inda wakilan suka yi kwaɓa ba. Teburinsa na jikin taga, ƙarƙashin wata tsohuwar fanka mai ƙara kamar mai tari. In aka fitar da sanarwar bayan taro, yakan daɗe yana jujjuya ta, yana jin akwai maganar da aka haɗiye. Burinsa ya zauna wurin waɗanda suka san yadda ake ƙulla irin waɗannan abubuwa, su koya masa daga tushe.

Da furfura ta fara leƙo masa a gemu, sai ya ƙudurta neman digiri na biyu a fannin hulɗar ƙasa da ƙasa a jami'o'in waje. Sharaɗin farko shi ne jarrabawar shiga. Da sakamako ya fito, makinsa na karatu da rubutu ya kusa taɓa rufi, na lissafi kuwa yana can ƙasa kwance.

Matarsa malamar lissafi ce a sakandare. Ta karɓi wayar ta duba, ta yi dariya har da hawaye, ta ce kada ya kuskura abokan aikinta su ji, don ba ta da inda za ta sa fuskarta.

"Malama, ƙasashe zan sasanta, ba kusurwar alwatika ba," in ji shi.

Duk da haka ranar Asabar da safe ta share teburin cin abinci ta zaunar da shi. Haka suka yi ta yi har watanni. Shi da ke iya bayanin rikicin kan iyaka tun daga kakanni, sai ga shi yana gumi a kan kaso cikin ɗari. In ya gaji ya ce tambayar ce ba a tsara ta daidai ba, ita kuma ta ƙwanƙwasa masa fensir a bayan hannu. Wata rana suna tsakiyar aiki ta ɗago kai tana kallonsa.

"Baban yara, ka san abin da nake yi kuwa? Da hannuna nake koya maka hanyar barina."

Ya ajiye alƙalaminsa. Ita ce ta jawo littafin ta ce ya ci gaba.

Ya sake jarrabawar. Lissafi ya ɗan ɗaga kai, amma rubutun da yake taƙama da shi ya sauko, don hankalinsa duk yana kan lambobi. Ya rasa wane sakamako zai aika. Har ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar da ya fi so ya kira. Wata mata mai taushin murya ta ce suna duba mutum gaba ɗayansa, sai dai akwai darussan tattalin arziki da ba sa yiwuwa sai da lissafi. Ya gode mata, bai san ko ƙarfafa shi ta yi ko sallamarsa ba. Ya aika na biyun.

Wannan jami'ar ya san ta kamar ya taɓa zama a cikinta. Ya haddace sunayen darussanta, ya san matakalar ɗakin karatunta daga hotuna, har ya zaɓi bencin da zai riƙa zama a ƙarƙashin wata bishiya.

A ofis akwai 'yar rahoto da ake kira Auta, don ita ce ƙarama a cikinsu. Yawan surutunsa ne ya sa mata sha'awar fannin, ita ma ta nemi gurbin karatun. Makinta tsaka-tsaki ne, amma ko'ina daidai, babu rami. Shi ya gyara mata bayanin dalilin neman karatun, ya soke mata manyan kalmomi, ya ce ta faɗi abin da ta gani da idonta a wurin aiki.

Amsoshi suka fara zuwa, kowace da ladabinta, kowace da haƙurinta. Jami'ar da ya fi so ta sa shi a jerin masu jira, ta ɗauki Auta. Da ta zo gaya masa sai ta tsaya tana murza yatsu kamar mai laifi.

"Yaya, wallahi kai ya kamata..."

Ya katse ta, ya sa mata albarka, ya ce ta sayi rigar sanyi mai kauri. Sannan ya fita ya zauna a matakalar baya, inda ake ajiye karyayyun kujeru, har lokacin labaran rana ya gabato. Kafin Auta ta tafi, saƙo ya zo masa cewa gurbi ya cika.

Bayan ta fara karatu takan kira shi. Ba ya tambayarta abinci ko sanyi, sai me aka koyar, wa ya yi gardama, ina tagar ajin take kallo. Wata rana da hantsi suna cikin hira ta ce malami ya shigo, ta yi masa sallama a gaggauce, amma ta manta ba ta kashe wayar ba. Ya ji ana jan kujeru, wani ya yi dariya, ana magana da harsunan da bai sani ba. Sai wata murya ta dattijo ta gaishe da ajin. Jakada ya toshe ɗaya kunnen da yatsa, ya sunkuya a kan teburinsa. Can layin ya yanke.

Da yamma ya ba Malama labari tana duba takardun ɗalibanta. Ta ajiye jan biro ta tambaye shi me malamin ya ce.

"Cewa ya yi su buɗe littafi," ya amsa. "Ban dai ji shafi na nawa ba."