Takarda Ɗaya a Akwatin Ƙorafi

Bayan shekara ashirin da uku tana jinya, aka ɗaga Babbar Nas zuwa ofis, aka tura ta kwas na sati biyu ta koyo shugabanci. Mai koyarwar, wanda ko zanen gadon majinyaci bai taɓa canzawa ba, ya ce sirrin mulki akwatin ƙorafi ne: kowa ya rubuta damuwarsa, ba suna. Ta dawo ta kafa akwatin kusa da famfon wanke hannu.

Abin da malamin bai sani ba, a asibiti babu rubutu marar suna. Rubutun hannun wa ba ta karanta a katin majinyata ba?

Ran Litinin ta tarar da takarda ɗaya: "Mai awon jinin safe a ɗakin mata ba ta awo, cika kati kawai take. A bincika."

Mai awon safe kuwa Ƙarama ce, ƙawarta tun makarantar jinya. Nan take ranta ya ba ta makirci ne. Wa ke son haɗa su? Mai allura, da ta nemi kujerar ta rasa? Ta kulle ƙofa, ta baje katunan mako tana gwada rubutu. An karkatar da haruffa, an danne biro, amma wannan wutsiyar da ke lanƙwasa kamar ƙugiya mutum ɗaya ke yin ta: Ƙarama da kanta. Ga kuma gado na huɗu, kwana biyar awo ɗaya, ko gezau.

To gwada ta Ƙarama take yi, ta ga ko kujera ta canza ta? Sai ta tuna yadda kwanan nan Ƙarama ke juyo da kunnen dama in ana mata magana.

Washegari ta tsaya bayan Ƙarama ta hagu, ta kira ta a hankali. Shiru. Ta sake kira. Sai da ta taɓa kafaɗarta ta juyo, sannan ta ja ta ɗakin ajiyar magani.

"Yaya... au, ranki ya daɗe, Shugaba."

"Riƙe ranki-ya-daɗenki. Tun yaushe kunnen?"

Ƙarama ta sunkuyar da kai. "Wata huɗu. Na hagu ya tafi, na dama yana haɗa kaya. Bugun jinin ba na jin sa."

"Shi ne ba ki da bakin gaya min?"

"Da na faɗa da baki, rufa min asiri za ki yi, na san halinki. Takarda kuwa dole ki sa ta a fayil. Ba haka suka koya miki ba?"

"Munafuka," in ji Babbar Nas.

Ta zare abin sauraren bugun jini daga wuyan Ƙarama, ta nufi gado na huɗu. Jinin tsohuwar da ke kwance a kai ya hau sosai. Ta aika a kira likita da gaggawa, ta koma ofis ta ɗauko takardar rahoto. Ta daɗe riƙe da biro kafin ta rubuta sunan ƙawarta, cikakke, a layin farko.