Sakatar Waje

Tsohon kafinta ya rufe shagonsa da hantsi, ya fita neman kyanwa. Tun yana saurayi ko zazzaɓi bai taɓa sa shi rufe shagon nan ba. Yau ga shi da furfurarsa yana durƙuso yana leƙen ƙarƙashin motocin mutane.

Kyanwar ma ba tasa ba ce. Ta ƙanwarsa ce, Auta. Da ciwo ya shanye wa Auta ɓarin jiki bara, matar ɗanta ta ce gashin mage na ɓata mata kujeru. Aka sako dabbar a kwali aka dire masa a shago. Ya yi faɗa, ya ce shi ba makiyayi ba ne. Daga baya ya saba. Tana kwana a kan garin katako, tana kashe masa ɓeraye, ba ta da surutu. Ya fi jin daɗin zama da ita a kan mutane da yawa.

"Maigida," in ji matarsa da ya dawo shan ruwa, "da ni ce na ɓata, za ka rufe shago?"

"Ke ba kya ɓata. Da muryarki za a gano ki."

Ya tambayi mai kifi, mai kifi ya ce in ya gan ta ma jifa zai yi. Ya tambayi bakaniken bakin kwana, wannan ya fito da kai daga ƙarƙashin mota yana dariya.

"Baba, in Allah ya sa an dace, ka saya mata waya."

Kafinta ya yi tsaki ya wuce. Rana ta dake shi, gwiwarsa ta fara ƙara. Duk magen da ya hango ta wani ce.

"Mage ba ta manta gida," matarsa ta ce da la'asar. "Ka je gidan Manaja."

* * *

Manaja shi ne ɗan Auta. Gidansa na bayan layi, mai farin fenti da ƙofar ƙarfe. Matarsa ce ta buɗe, ta tsaya a tsakiyar ƙofar.

"Kawu, sannu da zuwa. Wallahi ba mu gan ta ba."

"Auta fa?"

"Mama tana barci."

Kullum barci. Watanni ke nan amsar ba ta canja ba. Shi kuwa ba ya roƙon shiga inda ba a ce masa bismillah ba, don haka kullum juyawa yake yi. Yau ma ya juya.

Ya bi ta lungun bayan gidan don ya rage hanya. A nan ya ji kukan. Siririya ce muryar, ya san ta kamar yadda ya san ƙarar zartonsa. Daga wata 'yar taga take fitowa can sama, mai yagaggiyar raga.

Ya san ɗakin. Sito ne. Shi ya kafa masa ƙofa. Manaja ne ya ce a sa sakata mai ƙarfi ta waje saboda kaya, ya sa, ko kuɗin ƙusa bai karɓa ba.

Ya koma. Wannan karon bai jira bismillah ba.

"Kawu! Kawu, takalminka, yanzu aka goge falon!"

Ya ratsa falon da takalminsa. Ya zare sakatar.

Wari ne ya fara tarbarsa. Da idonsa ya saba da duhun, ya ga janareta, bokitan fenti, kwalaye. A tsakaninsu katifa ce siririya a ƙasa, Auta na kai. Kyanwar ta naɗe a kan shanyayyen hannunta.

"Yaya," ta ce da karkataccen baki. "Kada ka yi mata faɗa. Ni na riƙe ta. Abincina nake raba mana."

"Tun yaushe kike nan?"

"Tun ranar da na jawo jiki na fito falo, Manaja yana da baƙi. Na ba shi kunya." Ta shafa bayan kyanwar da hannun mai lafiya. "Ita kaɗai ke shigowa ba ta toshe hanci."

Ya laluba aljihu ya fito da sukudireba.

* * *

Yana kan kwance noti na ƙarshe a jikin sakatar Manaja ya iso, da alama waya aka yi masa. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Haba Kawu, me ya yi zafi? Ba ka san halin da muke ciki ba. Ni ina ofis, ita ga yara. Magani ni ke saya, ko sau ɗaya bai yanke ba."

"Ka kyauta."

"Ba wulaƙanci ba ne. Don kada ta faɗi ne."

"Wanda ke ƙasa, ina zai faɗa?"

Manaja ya dubi agogo, ya dubi matarsa, ya rage murya.

"Kawu, shugabana na zuwa cin abinci yanzun nan, da iyalinsa. Don girman Allah ɗauki kyanwarka, ka mayar da sakatar nan. Gobe sai mu zauna mu yi magana."

Kafinta ya jefa sakatar a aljihu. Ya kifa bokitin fenti kusa da katifar, ya zauna, ya miƙe gwiwar da ke masa ciwo. Haske daga falo ya shigo har kan fuskar Auta, ta ƙifta ido. Kyanwar ta yi hamma ta gyara kwanciya. A waje mota ta yi oda.

"Kyanwar ta uwarka ce," ya ce. "Sakatar tawa ce. Ba zan mayar ba."